Madugun Ranar Talata

A garin Iten da ke kan tsaunukan yammacin Kenya, Talata ranar fili ce. Tun hantsi bai gama ɗagawa ba 'yan gudun dogon zango suke kwararowa filin tsere ƙungiya-ƙungiya, kowace da mai riƙe mata agogo. Idan aka ba da alama, sai mutum ashirin ko talatin su jeru a layi ɗaya, wannan a bayan wancan, su zagaya fili sau biyu da rabi, wato mita 1,000, su sassauta na minti ɗaya ko biyu, sannan su sake tashi. Haka za su yi ta yi, sau goma ko goma sha biyar. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga doron teku, kuma filin da ya fi suna wajen wannan taro, Kamariny, ya shafe shekaru yana karɓar zakarun duniya alhali jar ƙasa ce zalla, mai tayar da ƙura da rani, mai caɓi da damina.

Wannan salon atisaye, na gudu mai ƙarfi da ɗan hutu da sake gudu, shi zan kira gudun zango-zango a wannan shafi. Na kawo zancensa ne domin ƙungiyoyin gudu sun fara tsirowa a biranenmu da jami'o'inmu. Ɗalibai da magidanta da mata suna haɗuwa da sanyin safiya, kuma wasunsu sun wuce matsayin motsa jini kawai, suna shirin shiga gasar kilomita 10, ko ma gudun yada ƙanin wani irin wanda ake yi a Legas tun shekarar 2016. Duk ƙungiyar da ta kai wannan mataki sai ta ware rana guda ta zuwa fili, domin sun gani a waya haka 'yan Kenya suke yi. Adadin zagaye suke kwafowa da mintocin hutu. Abin da waya ba ta nuna musu shi ne ladabin da ke riƙe da wancan layi na mutum talatin, kuma inda aka rasa shi, ranar fili takan zama ranar da ƙungiya ke cinye 'ya'yanta.

Abin da nakan gani a filin da nake zuwa kusan iri ɗaya ne kullum. An yi shawara za a yi mita 400 sau goma sha biyu. A zagayen farko kowa da ƙarfinsa, sai wani matashi mai jini a jika ya fizge ya bar mutane, biyu ko uku su ce ba za a raina su ba su bi shi, saura kuma su ja jiki a baya cikin jin nauyi. Zagayen da aka tsara yi cikin sakan 95 sai a yi shi cikin 78. Kafin a kai na biyar hutu ya fara tsawo, minti ɗaya ya koma uku, ana riƙe da ƙugu ana haki. A na bakwai rabin jama'a sun koma gefe suna gyara igiyar takalmin da bai kwance ba. Wanda ya fara fizgewa kuwa da ƙyar ya kammala zagayen ƙarshe cikin sakan 110, amma ya tafi gida yana murna domin shi ya "ci" atisaye. Mako uku bayan haka sai ka ji ƙwaurinsa na ciwo ko agararsa ta kumbura, shi kuma baƙon da aka gayyato ranar bai sake waiwayar filin ba.

Domin a gane inda aka kauce, sai an koma ga asalin abin. Wani mai horar da 'yan tsere a Jamus, Woldemar Gerschler, shi ya fara tsara wannan atisaye cikin shekarun 1930, sannan ya haɗa kai da likitan zuciya Herbert Reindell na birnin Freiburg suka ɗora shi a kan awon bugun zuciya. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce. Ɗan gudu ya yi gajeren zango, mita 100 ko 200 ko 400, har bugun zuciyarsa ya kai kimanin 180 a minti. Sai ya huta har ya sauko zuwa wajen 120, sannan ya sake tashi. Idan minti ɗaya da rabi ya wuce bugun bai sauko ba, to ko dai saurin ya yi yawa, ko kuwa aikin ranar ya ƙare, a je gida. Da wannan tsari Gerschler ya shirya Rudolf Harbig, wanda ya yi mita 800 cikin minti 1 da sakan 46.6 a Milan a 1939, bajintar da aka shekara 16 ba a karya ba.

A fahimtarsu, zuciya tana samun ƙarfinta ne a cikin wannan ɗan hutu, lokacin da ƙafafu suka sassauta amma jini yana ci gaba da komowa gare ta da yawa, tana cika tana harbawa. Shi ya sa sunan da Turawa suka laƙaba wa atisayen sunan tazarar hutun ne, gudun kansa bai samu shiga sunan ba. Binciken da ya biyo baya ya gyara wasu sassa na bayaninsu, kuma lambar 180 ba ta kowa ba ce, domin ƙololuwar bugun zuciya tana raguwa da shekaru, tana kuma bambanta tsakanin mutum da mutum. Amma ginshiƙin yana nan daram. Mutumin da ke gudun kilomita 5 cikin minti 20 ba zai daɗe a kan saurin da ya ɗan fi wannan ba idan a miƙe ne. In aka yanka masa shi gunduwa-gunduwa da hutu a tsakani, zai tara mintoci masu yawa a kan wannan sauri, jikinsa ya saba da shi, ya kuma tashi washegari yana iya taka ƙasa. Yawan mintocin da aka tara a kan saurin da ya dace shi ne ribar ranar. Wanda ya ƙona kansa a zagaye uku na farko ya yi asarar tara da suka rage.

Hausa ta riga ta tanadi kalmar da ta dace. Zango a bakin fatake wurin sauka ne, inda ayari ke sauke kaya a shayar da jakuna a miƙe ƙafa, kuma da shi ake ƙidayar tafiya, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango kaza ne. Kalma ɗaya ta haɗa tafiyar da hutun, kamar yadda Gerschler ya haɗa su.

To me ya sa sai a cikin jama'a? Dalili na farko iska ce. Griffith Pugh, masanin aikin jikin ɗan Adam da ya raka ayarin da ya fara hawa tsaunin Everest a 1953, ya auna a 1971 cewa ɗan tsere mai gudun matsakaicin zango yana kashe kimanin kashi 7.5 cikin ɗari na ƙarfinsa wajen keta iska, kuma wanda ya laɓe mita ɗaya bayan wani yana tsira daga mafi yawan wannan asara. A irin saurinmu na 'yan sa kai ribar ba ta kai haka ba, sai dai ranar da iskar hunturu ke kaɗawa a fuska. Dalilin da ya fi nauyi yana cikin kai. Wanda ke gudu shi kaɗai dole ya riƙa lissafi a kowane taku, na yi sauri ko na yi nawa, saura nawa, in tsaya ko in ci gaba. Wanda ke bin bayan wani ya sauke wannan kaya duka, aikinsa kallon ƙeya ɗaya kawai. Tun a 1898 Norman Triplett na Jami'ar Indiana a Amurka ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da wasu fiye da idan su kaɗai ne da agogo. Shekaru sama da ɗari bayan haka, masu bincike a Oxford suka gwada 'yan wasan tuƙin kwalekwale na jami'ar, suka ga sun fi jure raɗaɗi bayan sun yi atisaye tare da bugu ɗaya fiye da bayan kowa ya yi nasa shi kaɗai.

A nan kuma haɗarin yake. Abin da ke ƙara maka sauri ba tare da ka ji ba, kuma ya rage maka jin raɗaɗi, shi ne zai kai ka gaba da iyakarka kana murmushi. Jama'a rahama ce, amma a filin tsere rahama ce mai buƙatar linzami.

Mu Hausawa idan aka ce aikin haɗin gwiwa mai nauyi, gayya ce ke fara zuwa zukatanmu. Samari sun jeru a gona, kowa da kunyarsa, makaɗi na zuga da gangar noma, wanda ya riga fita ƙarshen kunya ya sha kirari da guɗa. Tsere a gayya abin yabo ne, domin aikin yini ɗaya ne. In kowa ya kwana yana jinyar bayansa ba a yi asara ba, gona ta riga ta nomu. Ina ganin wannan ruhin ne matasanmu ke shiga fili da shi, kuma ba na zargin su, a cikinsa suka tashi. Sai dai ƙungiyar gudu za ta dawo ranar Alhamis, ta dawo Asabar, ta yi haka wata da watanni kafin ranar gasa. Misalin da ya dace da ita shi ne ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, tafiyar watanni, inda madugu ke yanke lokacin tashi da lokacin sauka, jagaba yana gaba yana jan hanya, kuma wanda ya yi gaba shi kaɗai don nuna ƙarfin ƙafa ba jarumi ake kiransa ba, abincin 'yan fashi ne.

Labarin da ya fi bayyana mini aikin jagaba a filin tsere ya faru ne a Ingila. Roger Bannister ɗalibin likitanci ne a asibitin St Mary's da ke Landan, yana satar lokacin abincin rana ya je fili. Shi da abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, bisa shawarar mai horarwa Franz Stampfl, sun shafe watanni suna maimaita atisaye guda: rubu'in mil, wato mita 402, sau goma, da hutun minti biyu a tsakani. Sun fara da kimanin sakan 66 a kowane zagaye, suna ragewa kaɗan-kaɗan har suka kusanci 60. A lura, zagaye goman ne duka ke saukowa tare, ba guda ɗaya da ake fizgewa a yi alfahari da shi ba.

Ranar 6 ga Mayu, 1954, a filin Iffley Road na Oxford, suka fito neman abin da ba a taɓa yi ba, mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Brasher ne ya ja zagaye biyu na farko. Bannister da kansa ya ba da labari daga baya cewa jikinsa ya yi masa sauƙi ƙwarai a zagayen farko, har ya ɗauka tafiyar ta yi nawa, ya ɗaga murya yana umartar Brasher ya ƙara wuta. Brasher ya yi kunnen uwar shegu, ya riƙe saurinsa. Da aka faɗi lokacin zagayen, sakan 57.5 ne, wato har sun ɗan wuce abin da ake buƙata. Suka kai rabin mil cikin minti 1 da sakan 58, Chataway ya karɓi gaba ya ja zagaye na uku, Bannister ya wuce shi a na ƙarshe ya kammala cikin minti 3 da sakan 59.4. Duniya ta riƙe sunan Bannister, kuma ya cancanta. Amma ni a ganina aikin da ya fi wuya a ranar shi ne na mutumin da abokinsa, tauraron taron, ya daka masa tsawa a gaban dubban mutane ya ƙi bin umarni. Da ya ƙara sakan biyu kacal a wannan zagaye, da wuya a samu ƙafar da za ta kai ƙarshe. Kuma kada a ɗauka sun yi wa wani ƙodago ne kawai: a watan Oktoban shekarar Chataway ya kafa bajintar duniya a mita 5,000, Brasher ya ci zinare a gasar Olamfik ta Melbourne a 1956 a tseren mita 3,000 mai tsallake shinge, kuma yana cikin mutum biyun da suka kafa gudun yada ƙanin wani na Landan a 1981.

Irin wannan ladabi ake ruwaitowa daga sansanin Kaptagat na Kenya, inda Eliud Kipchoge ke atisaye ƙarƙashin Patrick Sang. Talata suke zuwa fili, su yi abin da ya kai mita 1,000 sau goma sha biyar, kowane zango cikin ƙasa da minti uku, ana karɓa-karɓar jan gaba. Masu ziyartar wurin sun sha faɗin cewa abin da ya fi ba su mamaki shi ne Kipchoge ba ya neman ya tsere wa kowa a atisaye, yana cikin layi kamar kowa, yana ajiye ragowar ƙarfinsa don ranar da za a biya shi. Ranar 12 ga Oktoba, 2019, da ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna, 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna ja masa gaba suna tare masa iska. Ba a ƙidaya lokacin cikin bajintar duniya ta hukuma ba, saboda wannan taimako na daga cikin dalilai, amma hakan ma shaida ce ta girman abin da jagaba ke bayarwa.

Na san abin da wani mai karatu zai ce. Zai kawo mini Emil Zátopek na Cekoslobakiya, wanda ya ci mita 5,000 da 10,000 da gudun yada ƙanin wani duka a Helsinki a 1952, kuma ya shahara da maimaita mita 400 sau arba'in ko fiye a yini guda. Zai ce zakara da wuta ake ƙera shi, kuma gasar da ke tsakanin matasan Iten ita ce ta fito da gwanaye. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda zai yi zagaye arba'in dole ne ya auna na farko, in ba haka ba ba zai ga na goma ba. Yawan zagayen Zátopek hujja ce a kan awo. Game da Iten kuwa, muna ganin waɗanda suka tsira ne a talabijin. A bayan kowane layi akwai samarin da ke liƙe wa zakaru zango uku ko huɗu don wani dillalin 'yan wasa ya gan su, sannan su faɗi gefe. Garin da ke da dubban masu neman wannan hanya zai iya jure irin wannan ɓarna. Ƙungiyar mutum goma sha biyar a Zariya ko Jos ba ta da wanda za ta zubar. Ga kuma binciken Stephen Seiler, Ba'amurke mai koyarwa a Norway, wanda ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari nasa mai sauƙi ne, irin wanda ake yi ana hira. Kashi 20 kawai ke da zafi. Ga ɗan ƙungiyar da ke gudu sau huɗu ko biyar a mako, wannan na nufin ranar fili ɗaya ta wadatar, biyu ita ce iyaka.

Yanzu ga lissafin, domin ba shi da wuya. Zagayen fili a layin ciki mita 400 ne, kilomita 5 kuwa zagaye goma sha biyu da rabi. Wanda ya yi kilomita 5 cikin minti 20 a gwaji na baya-bayan nan, zagayensa sakan 96 ne. Mai minti 18, sakan 86. Mai minti 25, sakan 120. Wannan lamba ita ce tushen saurinsa ranar Talata: a zangon mita 1,000 ya tsaya a kanta, a zangon mita 400 ya iya rage sakan uku ko huɗu. Gwajin da aka yi ne ke ba da lambar, ba burin da ake da shi a zuci ba, kuma ba lokacin da aka yi shekara biyar da suka wuce kafin aure da tumbi ba. Da waɗannan lambobi za a raba ƙungiya gida-gida. Bambancin minti ɗaya a kilomita 5 ya kusa sakan biyar a kowane zagaye, don haka waɗanda tazararsu ta wuce wannan kada su shiga layi ɗaya. Gara a yi gida huɗu na mutum uku-uku da a yi gida ɗaya da zai tarwatse a zagaye na uku.

A kowane gida a riƙa karɓa-karɓar jan gaba, zango ɗaya mutum ɗaya. Jagaban zango ya duba agogo a mita 200, in sakan 96 ake nema ya ga 48 a nan. In ya ga 44, ya sassauta nan take, ba sai an je ƙarshe a yi dariya ba. Ba a wuce jagaba sai in ya ba da hanya da kansa. Mutumin da ya fi kowa ƙarfi a gida, shi ya fi dacewa a ɗora wa nauyin zangon farko da na biyu, lokacin da jiki ke yaudara, kuma a auna shi da kusancinsa da lambar da aka tsayar. Na lura matashin da ke son a gan shi yakan sauya gaba ɗaya idan aka mayar da abin alfaharin ya zama buga sakan 96 daidai sau uku a jere. Son yabo bai bar shi ba, wurin da yabon yake ne aka matsar. Alamar atisayen da ya yi kyau kuwa ita ce zangon ƙarshe ya yi daidai da na farko ko ya ɗan fi shi, kuma kowa ya bar fili yana jin da an ce a ƙara ɗaya da zai iya.

Hutu shi ma madugu ne ke riƙe da shi, kuma da na baya ake auna shi. Idan aka fara ƙidayar hutu daga isowar na gaba, to mai rauni, wanda ya fi kowa buƙatar hutun, shi ne zai samu mafi ƙaranci, ya tashi zango na gaba da bashi, bashin ya yi ta hauhawa har ya durƙushe. Wanda ba shi da agogon awon zuciya ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga na sakan goma. In ya samu ashirin, bugunsa ya sauko 120.

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya fi nauyi a ƙasarmu fiye da ƙasar Gerschler. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, wato rabin gadon cutar amosanin jini. Mafi yawansu suna rayuwa suna wasanni ba tare da wata matsala ba, cikinsu har da zakaru. Amma likitocin wasanni sun tabbatar cewa gudu mai tsananin ƙarfi da ake maimaitawa ba isasshen hutu, musamman cikin zafi da ƙishirwa, yana iya sa ƙwayoyin jinin irin wannan mutum su lanƙwashe su toshe jijiyoyi, ya yanke jiki ya faɗi, wani lokaci har a rasa rai. Abin ba ya yawan faruwa, amma ya faru sau da dama a Amurka har hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta shigo da gwajin jinin ga 'yan wasanta daga 2010. Shawarar da ake ba su ita ce su hau atisaye sannu a hankali, su huta isasshe, su tsaya da zarar sun ji kasala ko ciwon tsoka da ba su saba ji ba. A ƙungiyar da tsayawa abin kunya ne, wa zai tsaya? Madugun da ya san aikinsa zai tambayi kowane sabon shiga nau'in jininsa a keɓe, ya tura mai hawan jini da wanda ya haura arba'in bai taɓa irin wannan gudu ba wurin likita tukuna, ya kuma sanar a bainar jama'a cewa duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya fita layi ba tare da neman izini ba.

Ƙaramar ƙungiya mai mutane mabambanta ƙwarai, wadda ba za ta rabu gida-gida ba, tana da wata mafita da nake ganin ta fi kowace adalci. A bar ƙidayar mita a koma ƙidayar lokaci. A busa usur, kowa ya yi gudu mai ƙarfi na minti uku a kan saurinsa. A sake busawa, kowa ya yi sassarfa na minti biyu, na gaba su juyo su tarbi na baya. A sake tashi tare. Mai minti 20 zai ci mita 750 a zangon, mai minti 30 zai ci 500, amma zuciyar kowannensu ta yi aikin minti uku, hutunsu ɗaya, kuma babu wanda aka tsaya ana kallo yana ƙarasa zagaye shi kaɗai. Wannan kallon, in mai karatu ya tambayi matan da suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi suka bari, zai ji yana cikin abin da ya kore su.

Sauran ladubban fili gajeru ne. A ɗumama jiki da sassarfa ta minti goma sha biyar kafin zangon farko. Layin ciki na masu gudu mai ƙarfi ne, mai hutu ya koma layukan waje, mai wucewa ya wuce ta dama. Kada a jeru kafaɗa da kafaɗa, domin layi na biyu ya fi na farko tsawo da kusan mita bakwai a kowane zagaye, na takwas kuwa da sama da mita hamsin, don haka wanda ke gefe yana gudun da ya fi na abokinsa sauri bai sani ba. A yanayinmu, bayan sallar Asuba shi ne lokacin. A watannin bazara a ƙara wa kowane zagaye sakan biyu ko uku, a zo da ruwa, ranar da hazo ya yi kauri kuwa a ɗage atisayen.

Ƙungiyoyi da yawa za su ce ba su da fili, ko kuma na garinsu a kulle yake sai da takarda. Filin ƙwallon makarantar sakandare ya isa. A ari tef ɗin awo wurin magini, a auna da'ira mai mita 400 a kewayen filin, ko 300 in wurin bai kai ba, a kafa duwatsu a kowace mita ɗari, a zuba toka a kan layin tashi. Abin da ake buƙata shi ne tsawon ya zama ɗaya a wannan Talatar da mai zuwa, domin lambobin da ake rubutawa a littafin ƙungiya su yi ma'ana idan an jera su bayan wata uku. A ba mutum ɗaya littafin da agogon, wanda ba zai yi gudu ba a ranar, ya tsaya a bakin layin toka yana kiran sakan da ƙarfi ga kowane gida da ya wuce.